Titin Bakin Kogi: Tarihin Hanya Mai Lamba 18 a Jihar Luwiziyana

A kudancin Amurka, cikin jihar Luwiziyana, akwai wani titi da ke bin gaɓar yamma ta kogin Misisipi tun daga garin Donaldsonville har Gretna, tsallaken birnin New Orleans. Gwamnatin jiha ta ba shi lamba 18, mutanen wurin kuwa titin kogi kawai suke ce masa. Tsawonsa ya kusa mil 80, kimanin kilomita 128, mafi yawansa falan ɗaya ne, kuma ya ratsa gundumomi biyar: Ascension, St. James, St. John the Baptist, St. Charles da Jefferson. Duk inda kogin ya karkata, titin ya bi shi. Wanda ya taso daga Donaldsonville zai wuce Vacherie da Wallace da Edgard da Killona da Hahnville da Luling, a damansa gonakin rake da bututun masana'antu, a hagunsa doguwar jingar ƙasa mai ciyawa wadda ta tare masa ganin ruwan. Sai dai ya hango saman jirgin ruwa yana wucewa ta bayanta.

Kafin mutum ya fahimci wannan titi sai ya fahimci ƙasar da yake kai. A da, duk shekara Misisipi yakan cika ya tumbatsa, ya zubar da laka mai nauyi a bakin gaɓa, mai laushin kuma ta wuce can baya. Shekaru aru-aru ana haka, sai bakin kogin ya zama shi ne tudu, ƙasa tana gangarawa daga nan har ta nutse cikin dausayi mai manyan itatuwa. Saboda haka a wannan yanki wanda ke neman busasshiyar ƙasa kogi yake matsowa kusa da shi. Ƙabilun asali, irin su Chitimacha da Houma da Bayougoula, a kan wannan tudu suka kafa garuruwansu, zirga-zirgarsu kuma a kwale-kwale ce.

A 1682 Bafaranshe La Salle ya gangaro kogin har bakin teku, ya ce duk ƙasar da ruwanta ke kwarara cikinsa ta zama ta Sarkin Faransa. A 1699 Iberville ya hauro daga teku ya ga wurin da reshen Lafourche ya rabu da uwar kogi, inda Donaldsonville take a yau. Zaman bai yi daɗi ba. A 1706 aka kashe wani limamin kirista mai suna St. Cosme a wannan yanki, Faransawa suka ɗora laifin a kan Chitimacha, suka yi ta yaƙarsu har 1718, suna kama matansu da 'ya'yansu suna bautarwa. Shekarar da aka yi sulhu ita ce shekarar da aka kafa New Orleans.

Sabon birni yana bukatar abinci, kuma daga gaɓar yamma ya same shi. Kamfanin John Law, wanda aka danƙa wa mulkin ƙasar, ya yi ta yaɗa labarin arzikin Luwiziyana a Turai har talakawan Jamus da Suwizalan suka taso. Kafin su iso kamfanin ya karye a 1720. Waɗanda suka tsira daga cuta da yunwar hanya aka zaunar da su a 1721 a wajajen Killona da Hahnville na yanzu, ƙarƙashin wani hafsa mai suna d'Arensbourg. Guguwar 1722 ta share musu bukkoki, suka sake ginawa. Ba da jimawa ba kwale-kwalensu suka riƙa sauka New Orleans da kayan lambu da masara da kaji, yankin ya ci sunan Gaɓar Jamusawa. Tun 1719 kuma jiragen bayi suka fara isowa, na farko daga Wida a gaɓar Dahomey. Zuwa 1731 an kawo 'yan Afirka kusan 6,000, kashi biyu cikin uku daga yankin Senegal da Gambiya. 'Yar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara sunayen bayi kimanin 100,000 daga tsofaffin takardun ciniki da na gado na Luwiziyana, a cikin ƙabilun da aka rubuta kuwa, bayan Bambara da Wolof da Mandinka da Yarbawa da Kongo, akwai Hausawa, ko da yake ba su da yawa.

A wannan zamani aka haifi titin, kuma ba don matafiya aka yi shi ba. Sharaɗi ne da hukuma ta ɗora wa duk wanda ta yanka wa fili. Da yake kowa yana bukatar bakin ruwa don lodin amfanin gona, sai aka yanka filayen sirara dogaye, kowanne kansa a kogi, wutsiyarsa a dausayi, jere kamar haƙoran matsefi. Wanda ya karɓi fili dole ya tayar da jinga a gabansa, ya haƙa lambatu, ya bar hanya a bayan jingar don jama'a. A 1743 hukumar Faransa ta yi barazanar ƙwace filin duk wanda bai kammala jingarsa ba. Guntun hanyar wane ya haɗu da guntun hanyar wane, a haka aka sami titi guda. Takarda ta ce mai fili ne zai yi aikin, amma waɗanda suka ɗauki shebur da baro bayinsa ne.

A 1762 Faransa ta miƙa Luwiziyana ga Sifaniya a asirce. Kafin sabon gwamna ya iso, wasu baƙi sun fara sauka: Akadiyawa, masu jin Faransanci da Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada tun 1755. Daga 1764 aka riƙa zaunar da su gaba da Jamusawa, a St. James da Ascension. Gwamna Ulloa ya iso a 1766, ya ƙuntata ciniki, sai a Oktoban 1768 Jamusawa da Akadiyawa suka gangaro New Orleans suka haɗu da attajiran birni aka kore shi. Sifaniya ta aiko Janar O'Reilly a 1769, ya harbe biyar daga jagororin boren. A Fabrairun 1770 ya fitar da dokar filaye wadda ta ƙayyade girman fili: faɗinsa a bakin kogi tsakanin mita 350 da 470, zurfinsa fiye da kilomita biyu. Ta ba mai fili shekara uku ya gama jinga, ya kuma kula da hanya da kadarkonta. Iyakokin da aka ja a wancan lokaci har yau ana ganinsu daga jirgin sama, kuma su ne za su yanke wa mutanen wannan titi hukunci bayan shekara ɗari biyu.

Abin da aka fi nomawa a lokacin baba ne, na shuni. A farkon shekarun 1790 tsutsa ta cinye shi, manoma suka shiga uku. A 1795 Étienne de Boré, da taimakon Antoine Morin, wani ɗan Saint-Domingue mai jinin Afirka wanda ba bawa ba, ya yi nasarar mayar da ruwan rake ƙwayar sukari a gandunsa kusa da New Orleans, ya sayar da amfanin shekarar dala 12,000. Lokacin ya yi masa daidai, domin tawayen bayin Saint-Domingue, wato Haiti, wanda ya fara a 1791, ya rushe ƙasar da ta fi kowace fitar da sukari a duniya. Cikin 'yan shekaru ƙananan gonakin Jamusawa da Akadiyawa suka narke cikin manyan gandaye. Rake ba ya son wasa. Dole a sare shi a matse a dafa kafin sanyin hunturu ya lalata shi, don haka daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashin tukwane, dare da rana. A 1803 Faransa, wadda ta sake karɓar ƙasar daga Sifaniya, ta sayar da ita ga Amurka a kan dala miliyan 15.

Daren 8 ga Janairu, 1811, bayi suka tayar a gandun Manuel Andry, a gaɓar gabas, tsallaken Edgard. Jagoransu Charles Deslondes, shi kansa bawa ne mai kula da aikin bayi. Suka sari Andry, suka kashe ɗansa Gilbert, suka kama titin kogi na wancan tsallake suka nufi New Orleans da ganguna da tutoci, mafi yawansu addar saran rake ce makaminsu. Gandu bayan gandu suna ƙaruwa. Masu tarihi sun saɓa a kan yawansu, daga 200 zuwa 500, amma sun yarda babu tawayen bayi da ya kai shi yawan jama'a a tarihin Amurka. Andry da rauninsa ya haye kogi zuwa gaɓar yamma, ya tara masu gandaye kusan 80 da bindigogi, suka sake hayewa suka ɓullo wa masu tawaye ta baya ranar 10 ga wata, sojojin Janar Wade Hampton kuma suna tahowa ta gaba. Turawa biyu ne suka mutu a dukan rikicin. Bayi kusan 95 aka kashe, wasu a fagen fama, wasu bayan shari'ar kwana uku da aka yi a gidan gandun Destrehan. Aka datse kawunansu aka soke a kan sanduna, aka jera a bisa jinga, domin duk mai bin titi da duk mai wucewa a jirgi ya gani. Zaɓen wurin ba kuskure ba ne, domin bakin kogi shi ne inda idon kowa yake.

Shekara guda bayan haka, a Janairun 1812, jirgin ruwa mai tururi na farko ya iso New Orleans, a shekarar kuma Luwiziyana ta zama jiha. Daga nan kogin ya ƙwace wa titin manyan kaya da manyan mutane. Kowane gandu yana da mashigarsa, jirgi ya tsaya ya ɗauki gangunan sukari. Titin ya zama na maƙwabta da masu zuwa coci da likita a kan doki da 'yan sintirin da ke tare bawa su tambaye shi takardar izinin fita. Da damina taɓo, da rani ƙura. Amurka ta hana shigo da bayi daga waje tun 1808, sai aka koma sayo su daga Virginia da Maryland ana gangaro da su, New Orleans ta zama babbar kasuwar bayi ta ƙasar. Ƙidayar 1860 ta sami bayi 331,726 a jihar.

Manyan gidajen da masu yawon buɗe ido ke tururuwar gani a yau na wannan zamani ne. A Vacherie akwai Laura, wanda aka gina a 1805, da Oak Alley, wanda aka gina wa Jacques Roman tsakanin 1837 da 1839, da itatuwan oak guda 28 jere biyu daga ƙofar gida zuwa titi. Ana cewa wani Bafaranshe ne ya dasa su tun farkon shekarun 1700, amma babu takardar da ta ambaci sunansa. Ana kuma ba da labarin Valcour Aime, attajirin da ya fi kowa a yankin, wai ya taɓa karɓar baƙuncin Louis-Philippe, wanda daga baya ya zama Sarkin Faransa, da aka gama cin abinci ya sa aka watsa farantan zinariya cikin kogi. Labari ne mai daɗin ji, sai dai Louis-Philippe a 1798 ya zo Luwiziyana, lokacin Aime yana goye. Abin da ke rubuce shi ne na Antoine, bawa mai aikin lambu a Oak Alley, wanda a 1846 ya zama na farko da ya yi nasarar aure itacen pecan, irin da ya fitar kuma ya ci lambar yabo a baje kolin Philadelphia na 1876. Sunansa ɗaya tilo aka rubuta, ba na uba.

Yaƙin basasar Amurka, tsakanin Arewa da Kudu, ya iso da wuri. A Afrilun 1862 jiragen yaƙin Arewa ƙarƙashin Farragut suka karɓi New Orleans, a Agusta suka yi wa Donaldsonville ruwan wuta saboda harbin da ake yi musu daga gaɓa. Ranar 28 ga Yuni, 1863, dakarun Kudu suka kai hari sansanin Fort Butler a garin, aka kore su, cikin masu tsaron kuwa har da bayin da suka gudo daga gandaye. Wani abin takaici shi ne shelar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairu, 1863, ta tsame gundumomin da ke hannun sojojinsa, kuma dukan gundumomi biyar na wannan titi suna cikin waɗanda aka tsame da suna. Sai kundin tsarin mulkin jiha na 1864 ne ya soke bauta a nan. Sukari ya faɗi warwas: daga manyan ganguna fiye da 450,000 a kakar 1861 zuwa kimanin 10,000 a 1864. A 1868 Donaldsonville ta zaɓi Pierre Caliste Landry, tsohon bawa, magajin gari, baƙar fata na farko da aka zaɓa a wannan kujera a Amurka.

Amma ƙasa ba ta canja hannu ba. Gandayen suka koma hannun bankuna da attajiran Arewa, irin su Bradish Johnson wanda ya sayi tsohon gandun iyalin Haydel a 1867 ya sa masa suna Whitney. Mafi yawan 'yantattun bayi suka ci gaba da zama a rinjin da aka haife su, suna saran rake a kan lada, suna cin bashi a kantin mai gandu. A Maris na 1880 leburori a St. Charles suka yi yajin aiki suna neman dala guda a yini maimakon santi 75, suka bi titi gandu-gandu suna tayar da 'yan'uwansu, gwamna ya aiko da dakaru. Waɗanda suka iya tara kuɗi suka haɗa hannu suka sayi siraran filaye a tsakanin gandaye, suka kafa ƙauyuka irin su Wallace da Freetown da Welcome: layi ɗaya ko biyu daga titi zuwa daji, da coci da maƙabarta. A riƙe wannan, za a dawo gare shi.

Kogin kuma bai daina karɓar rabonsa ba. A 1884 jinga ta ɓalle a Davis kusa da Luling, a 1912 ta ɓalle a Hymelia kusa da Killona, ruwa ya shanye gonaki har cikin dausayi. Babbar ambaliyar 1927, wadda ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu a kwarin Misisipi, ita ta kawo dokar 1928 da ta ɗora tsaron kogin a wuyan injiniyoyin sojan Amurka. Suka ɗaga jinga, inda kogi ke cin gaɓa kuma suka ja ta baya. Duk inda jinga ta ja baya titi ma ya ja, ya cinye lambuna da gidaje da kaburbura. Babban gidan gandun Uncle Sam a tsallaken gabas haka aka rushe shi a 1940. Tun daga lokacin titin kogi ya rabu da ganin kogi.

Mota ta zo a daidai wannan zamani. A 1921 jiha ta kafa hukumar hanyoyi ta fara ba su lamba. Huey Long, wanda ya hau gwamna a 1928 lokacin da titunan kwalta da kankare a jihar kimanin mil 300 ne kawai, ya yi aikin hanya kamar ba gobe, amma babban aikinsa tsakanin Baton Rouge da New Orleans shi ne miƙaƙƙiyar hanyar Airline a gaɓar gabas, wadda ta guje wa kwane-kwanen kogi. Manyan motoci suka koma can. A 1935 aka buɗe gadar da ke ɗauke da sunansa kusa da New Orleans. A 1938 aka fara tsara hanyar yawon buɗe ido da za ta bi Misisipi ta jihohi goma, wannan titi ya shiga cikinta. Lamba 18 kuwa a sabon lissafin hanyoyi na 1955 ya same ta. Tsallaka kogi ya daɗe yana hannun jiragen fito. Da asubar 20 ga Oktoba, 1976, jirgin dakon mai na ƙasar Nowe mai suna Frosta ya banke jirgin fito George Prince a kan hanyarsa daga Destrehan zuwa Luling, cike da ma'aikata masu sammakon aiki. Mutum 78 suka mutu. Gadar da ake ginawa a wurin sai 1983 aka buɗe ta. Ta Sunshine kusa da Donaldsonville tun 1964 take, ta Wallace kuma ta zo a 1995.

Ma'aikatan da suka nutse a hatsarin jirgin fiton ba rake za su sara ba. Tun 1909, da Standard Oil ya kafa matatar mai a Baton Rouge, wani sabon mai gandu ya ɓullo a bakin kogin. Abin da kamfanin mai ko na sinadarai ke nema shi ne babban fili a hannun mutum guda, mai mashigar jirgin teku a gaba da layin dogo a baya. Tsohon gandun rake ya cika sharuɗɗan nan duka, sa hannu ɗaya ya isa. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 gandu bayan gandu ya zama masana'anta: a Luling, a Taft, a St. James, har da tashar nukiliya ta Waterford a Killona wadda ta fara aiki a 1985. Siraran ƙauyukan 'yantattun bayi kuwa suna nan inda suke, sai dai maƙwabcinsu na dama da na hagu ya tashi daga rake ya koma tanki da bututu. Mil 85 da ke tsakanin Baton Rouge da New Orleans yanzu suna ɗauke da masana'antu fiye da 150, ana kiran wurin lungun ciwon daji. Kamfanoni suna musanta sunan, suna nuna ayyukan yi da harajin da suke biya, kuma gaskiya ne dubban iyalai da su suke ci. Amma a 2015 alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka suka nuna cewa unguwannin Reserve, tsallaken Edgard, sun fi ko'ina a ƙasar haɗarin kamuwa da ciwon daji daga gurɓatacciyar iska. A 2014 gundumar St. James ta fitar da taswirar amfani da ƙasa wadda ta buɗe yankunan da baƙar fata suka fi yawa ga masana'antu. A ganina wannan taswira ta fi kowace hujja bayyana yadda abin yake.

Mutanen titin ba su naɗe hannu ba. Da kamfanin Formosa na Taiwan ya sanar a 2018 cewa zai gina masana'antar roba ta dala biliyan 9.4 kusa da Welcome, wata malamar makaranta mai ritaya, Sharon Lavigne, ta kafa ƙungiyar RISE St. James, aka shiga kotu. A cikin filin da za a gina masana'antar an gano kaburburan da ake kyautata zaton na bayi ne. A 2021 ta karɓi lambar yabo ta Goldman ta kare muhalli, a shekarar kuma masanan haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kira abin da ke faruwa a yankin wariyar launin fata ta fuskar muhalli. A Wallace, 'yan'uwa mata biyu, Jo da Joy Banner, suka ja da shirin gina ƙaton rumbun hatsi a gefen ƙauyensu, a Agustan 2024 kamfanin ya janye.

A nan Wallace ɗin ne gandun Whitney yake. Formosa ya taɓa sayensa a 1990 don gina masana'anta, shirin ya watse, daga baya wani lauya, John Cummings, ya saye shi. Tare da ɗan tarihi Ibrahima Seck na Senegal suka buɗe shi a Disamban 2014 a matsayin gidan tarihin bauta. An sassaƙa sunayen bayin gandun fiye da 350 a jikin dutse, an kuma jera kawunan yumɓu a kan sanduna don tunawa da mutanen 1811. Kusa da shi akwai Evergreen, inda ɗakunan bayi 22 suke tsaye a layinsu na asali. Mai karatu da Allah ya nufa da zuwa New Orleans, tafiyar kusan awa guda ce a mota zuwa Wallace. Ya fara da Whitney kafin ya wuce Vacherie kallon itatuwan Oak Alley.